Tafin Ƙaya a Mindif

Kakana bai san sunanta ba.
Mu dai tafin-ƙaya muke ce mata,
Don tafi kan tafi take hawa,
Kamar mai addu'a, alhali ba ta roƙon kowa,
Cinye fili take, ta bar wa shanu ƙaya.

Uban Alhaji Yuguda ne ya kawo ta,
Tafi uku cikin buhu daga Marwa,
Ya dasa shinge don awakin maƙwabta.
Shinge ya tsallake kansa,
Yau shi ne ya kori saniya.

Na buɗe bakin Wule da hannuna,
Harshe ya kumbura, dasashi ya ruɓe,
Jajayen 'ya'yan nan ta bi da kwaɗayi.
Hamajam da ya rene ta tun tana maraƙa
Bai iya kallo ba, ya juya baya.

Wani ya zo da jarka a kan babur,
Ya ce feshi biyu, magana ta ƙare.
Hamajam ya nuna masa gangare:
"Ruwan da ya wanke filin nan,
Ina yake kwana in ba rijiya?
Nonon da 'yata ke sha fa?"
Mai jarka ya ta da babur ya kama hanya.

Bara waccan an gwada tarakta.
Ta daddatse, ta barbaza, aka yi murna.
Ruwan farko na sauka
Kowane gutsure ya cafki ƙasa,
An yanka ɗaya, an haifi dubu da ɗaya.

Sai aka nemo mu, mu bakwai,
Sefa dubu biyu a wuni, da kunun tsamiya.
Diga, galma, cokalin ƙarfe mai doguwar ƙota,
Safar hannu kuwa daga tsohuwar taya.

Ba a sare ta a wuya.
Ƙasa ake bi, taƙi guda ƙarƙashin gindi,
A banƙaro kututture da saiwarsa,
A soke, a ɗaga nesa da ƙirji, a jefa amalanke,
Sannan a tsugunna a tsince.
Ko guntu kamar kunnen ɓera ka bari,
Ya gode maka, gobe ya yi jijiya.

Kan falalen dutse muke jibge ta,
Inda babu ƙasar da za ta kama.
Wata huɗu tana kwance a rana,
Kore shar, ta ƙi mutuwa.
Na yi faɗa da gamba, na yi da sabara,
Ban ga mai taurin ranta ba a duniya.

Da dare Dudu ke narka ƙaro,
Ta shafa mini a damtse, ya bushe, ta ɓare,
Ƙananan da ido ba ya gani su fito.
Ta ce, "Ni mutum aka aura mini,
Ga shi ina kwana da bushiya."

Bazara ta zo, ciyawa ta ƙare ƙarƙaf,
Dutsen Mindif na rawa cikin zafi.
Hamajam ya hura wutar kara,
Ya babbake ƙayar, ya yayyanka tafin,
Ya zuba a kwami.
Wule ta sansana, ta ja baya, ta dawo,
Ta ci, ruwa na ɗiga daga leɓenta.
Abin da ya hana ta ci ya ciyar da ita,
Muka zauna a ƙasa muna dariya.

Yanzu damina ta sauka.
Inda muka tona, ƙyasuwa ta fito da harƙiya.
Alhaji ya sallame mu, ya ce an gama.
Bai tambayi tsuntsayen da suka ci 'ya'yan ba,
Ko inda birai suka tsuguna.

Jiya a gefen sawun amalanke
Na ga tafi guda da ya faɗo mana,
Ya miƙe tsaye, har da ɗan kunne sabo.
Na tsaya, mun kalli juna.
Na koma gida na ɗauko diga,
Ko da babu mai biya.